Nana Asma'u: Matar Waziri, Uwar Waziri, Gwaggon Sarakuna

A birnin Sakkwato, a Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ke, akwai kabarin 'yarsa Nana Asma'u. Ta rasu a 1864, yau fiye da shekara 160 ke nan, amma sunanta bai ɓace ba. Akwai makarantun 'yan mata da ɗakunan kwanan ɗalibai masu sunanta, iyaye kuma suna ta raɗa wa 'ya'yansu Asma'u. Me ya sa a ke tunawa da ita haka? Mutane da yawa za su ce saboda iliminta ne. Gaskiya ne, malama ce babba cikin malaman Musulunci na zamaninta. Amma bari mu duba ta yadda mutanen gidanta suka san ta, wato matar aure, da uwa, da gwaggo.

An haife ta a Ɗegel wajen 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta. Tana da kamar shekara 11 sa'ad da jama'ar Shehu suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Daga nan sai yaƙi, da yunwa, da ƙaura daga wannan wuri zuwa wancan. Ta san maraici, ta kuma san wahala tun ba ta isa aure ba. Duk da haka ba ta bar karatu ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta iya Larabci, da Fulatanci, da Hausa, da harshen Buzaye.

Wajen 1807 aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello. Da Shehu ya rasu a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo kuwa ya zama Wazirinsa. Gidan Waziri ba ya rabuwa da baƙi. Manzanni daga Kano, da Katsina, da Zazzau suna sauka, malamai suna zuwa da tambayoyi. Har Bature matafiyi, Kyaftin Clapperton, Giɗaɗo ne ya sauke shi da ya zo Sakkwato a 1824. A cikin wannan gida mai yawan hidima Asma'u ta yi zaman aure fiye da shekara 40. Ita da mijinta duka marubuta ne. Bayan rasuwar Bello a 1837, shi ya rubuta labarin Shehu da na Bello da Larabci, ita kuwa ta tsara labarin cikin waƙa, don wanda bai iya karatu ba ya ji ya riƙe. Da Giɗaɗo ya rasu, ta yi masa waƙar makoki, ta faɗi halinsa na alheri da kula da baƙi.

Ta haifa masa 'ya'ya maza. Babbansu Abdulƙadir ya gaji ubansa a sarautar Waziri a 1842, ya riƙe ta har 1859. Tun daga nan sarautar ta zauna a gidan Giɗaɗo. Waziri Junaidu, sanannen malamin tarihi wanda ya rasu a 1997, daga zuriyarta ya ke, a gidansa kuma aka adana yawancin rubuce-rubucenta. Abin da uwa ta shuka a ɗakinta, ga shi ya kai jikoki da tattaɓa kunne.

Ga zancen gwaggo kuwa, Sarakunan Musulmi biyu 'ya'yan 'yan'uwanta ne: Aliyu Babba ɗan Bello, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, da Ahmadu ɗan Atiku wanda ya bi bayansa. Kowa ya san matsayin gwaggo a gidan Bahaushe da Bafillace. Ita ce a ke kai wa ƙara, ita ce kuma ke iya faɗa wa mai gida gaskiya ba tare da tsoro ba. Asma'u ta ga zamanin ubanta, da na yayyenta biyu, Bello da Atiku, da na 'ya'yansu. Dattijuwa ce wadda ta san farkon al'amari, a ke kuwa jin maganarta.

Amma ba ta tsaya ga 'ya'yan gidansu kaɗai ba. Ta ga matan ƙauye da yawa ba su da hanyar samun ilimi, domin matar aure mai goyo ba ta iya barin gida ta tafi birni karatu. Sai ta yi dabara. Ta zaɓi dattawan mata masu hankali, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa da jan rawani su zama alamar aikinta. Jaji takan tara tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana ta kawo su wurin Asma'u. Su koyi waƙoƙin karatu da ka, su koma ƙauye su koya wa waɗanda suka rage a gida. Mace tana daka, ko tana kaɗi, tana rera darasinta. Waɗannan su ne a ke kira 'Yan Taru. Sukan zo da kyautar hatsi, da zuma, da man shanu, ita kuwa ta rarraba wa mabukata. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Cikin rubuce-rubucenta fiye da 60 da suka wanzu, akwai waƙoƙin makoki da dama. A nan ne za mu ga irin zuciyarta. Ta yi wa Bello, ta yi wa mijinta, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ta kuma yi wa aminiyarta A'isha, da maƙwabciyarta Halima, da wata jaji mai suna Hauwa'u, da 'yar ɗan'uwanta Fadima. Ta yi wa Zaharatu, wadda ta ke taimakon mata wajen haihuwa, ta ke kuma wankan gawa in an kira ta. Waɗannan mata ba su ci yaƙi ba, ba su riƙe sarauta ba. Da ba don Asma'u ta ɗauki alƙalami ba, da yau ba wanda ya san an yi su. Abin da ta yaba a gare su shi ne haƙuri, da kyauta, da riƙon zumunci, da zuwa da sauri in maƙwabci yana cikin damuwa.

A zamaninmu wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta samu izinin Waziri Junaidu ta yi nazarin takardun. Ta buga tarihin Asma'u a 1989. A 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka tattara ayyukanta cikin littafi ɗaya. Ta haka mutanen ƙasashen waje suka ji labarinta, suka kuma ji sunan Zaharatu da Halima.

To, mai karatu, a gidanku ma akwai irin waɗannan mata. Akwai gwaggon da ta riƙe marayu, da innar da ta sayar da akuyarta don kuɗin makaranta, da tsohuwar da a ke bugawa ƙofa tsakar dare in naƙuda ta tashi. Sau da yawa sai bayan an binne su mu ke fara lissafin alherinsu, shekara kaɗan kuma jikoki su manta ko da sunansu. Kada mu bari haka ta faru. Wadda ta ke da rai, mu je mu gaishe ta, mu tambaye ta labarin dā, mu rubuta. Wadda ta riga mu, mu faɗa wa yara abin da ta yi. 'Ya'yanmu mata kuwa, mu bar su su yi karatu har su ƙoshi, gama yarinyar da ta iya rubutu ita ce za ta adana sunan iyayenta mata.