Dauri da Kaifi: Nazarin Wasu Kalmomin Ƙirar Wuƙar Girki

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba wasu kalmomi da Bahaushe ke amfani da su wajen bayanin ingancin wuƙa, watau dauri da tauri da ƙwari da gautsi da kaifi. A zancen yau da kullum akan cakuɗa su. A maƙera kuwa, cakuɗa su shi ne ke sa wuƙa ta ƙi riƙe wāshi, ko ta ɓantare a kan ƙashi.

2.0 Dauri

Dauri shi ne aikin da maƙeri ke yi da wuta da ruwa ko mai domin ƙarfe ya taurara. Da wannan kalma dai ake kiran jiƙon da ake ɗura wa jariri don ya yi ƙarfin jiki, kuma dangantakar ma'anonin biyu a fili take. Ba kowane ƙarfe ne ke karɓar dauri ba, sai mai isasshen sinadarin kabon. Wannan ne ya sa maƙeran baƙi suka fi son tsohon sifirin na mota, wanda kabon ɗinsa kan kai kusan kashi 0.6 cikin 100.

Aikin mataki biyu ne, ko da yake kalma ɗaya ce ta tattara su. Da farko akan zuga ƙarfe cikin gawayi, musamman na ƙirya, har ya yi ja jawur, wajen digiri 800 a ma'aunin Salshiyas, sannan a tsoma shi nan take. Maganaɗisu kan daina kama ƙarfe a wajen digiri 770, don haka yakan zama manuni cewa an kusa. Ruwa ya fi mai saurin sanyayawa, amma yakan tsaga sifirin. Mai ya fi lafiya. Ƙarfen da ya fito daga nan magagari ba ya cin sa, sai dai yana da gautsi kamar tangaran. Saboda haka akan sake ɗumama shi a hankali, tsakanin digiri 150 da 230, har fuskarsa ta fara yin launin busasshiyar ciyawa. Idan ya kai shuɗi, wajen digiri 300, ya yi wa wuƙar girki laushi. Ga mai rubutun kimiyya da Hausa, ya kyautu a bar wa matakin farko sunan dauri, a kira na biyu sassauta dauri.

3.0 Tauri, Ƙwari da Gautsi

Tauri shi ne ƙin huduwa ko ƙin lotsawa. Ma'anar ta fito sarai a cikin sunan ɗan tauri, wanda aka ce wuƙa ba ta kama jikinsa. Abin da ma'aunin Rokwel ke aunawa ke nan, wanda aka yi wa rajista a Amurka a 1919: akan danna tsinin daimon a kan ƙarfe da nauyin kilo 150, a auna zurfin lotsawar. Ƙwari kuwa shi ne jure duka ba tare da karyewa ba, kishiyarsa ita ce gautsi. Abin lura shi ne, a ƙarfe iri ɗaya, gwargwadon ƙaruwar tauri gwargwadon raguwar ƙwari. Wanda duk ya fassara kalmomin biyu da "ƙarfi" ya ɓatar da wannan bambanci, alhali shi ne ginshiƙin zaɓin maƙeri.

4.0 Kaifi da Siffar Ruwan Wuƙa

Akan ce wuƙa tana da kaifi idan tana yanka, amma yankan bai dogara ga wāshi kaɗai ba. Kaurin ruwan wuƙar a bayan bakinta, da kusurwar da aka wasa bakin, su ma suna da hannu. Wuƙa mai kauri, ko an wasa ta har tana aske gashi, takan dare albasa ne maimakon ta yanka ta.

Siririn baki sai da tauri, in ba haka ba ya lanƙwashe. Wuƙaƙen Sakai ta ƙasar Japan sukan kai 60 zuwa 64 a ma'aunin Rokwel, kuma akan wasa su a kusurwar da ba ta wuce digiri 15 ba. Suna daɗewa ba su dakushe ba, amma ƙashi kan yi musu giɓi. Na Solingen ta Jamus sukan tsaya a 56 zuwa 58, kuma a gargajiyance akan wasa su a wajen digiri 20 kowane gefe. Sun fi saurin dakushewa, amma sun fi jure sara, gyaransu kuma ba wuya.

Wannan zaɓi ne ke gaban maƙerin ƙauye, ko bai taɓa jin sunan Rokwel ba. Mai kilishi, da ke shimfiɗa tsoka falle-falle, siririyar wuƙa mai tauri yake bukata. Mahaucin da ke ratsa gaɓoɓi, da uwargidan da wuƙa ɗaya ce ke yi mata kuɓewa da kaza, mai sassaucin dauri da ɗan kauri ta fi musu, wadda goga biyu ko uku a kan dutse kan mayar mata da baki.