Yadda Ƙwayar Sammore Ta Tona Asirin Shekara Hamsin

Makiyayin da ya taɓa kora shanu daga Tsarnawa ko Ƙonni zuwa dazuzzukan kudu ya san sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, mai ramar da saniya har ta faɗi. Tiripanosoma, wato dangin ƙwayar da ke jawo wannan cuta, su ne suka warware wa masana wata matsala da ta gagare su shekara hamsin.

Cikin ƙwayoyin jikinmu akwai mitokondiriya, inda ake mayar da abinci ƙarfi. A 1961 DeLuca da Engstrom suka nuna cewa tana zuƙar kalsiyam. Idan ya shiga daidai kima, sai ta ƙara ƙwazo, tsoka ta samu kuzari. Idan ya yi yawa, sai ta kumbura, ƙwayar ta mutu. Ashe ke nan akwai ƙofa, akwai kuma mai gadinta, amma babu wanda ya gano su.

Sai ɗakin binciken Vamsi Mootha a Boston ya ɓullo da dabara. An riga an san mitokondiriyar yis ɗin burodi ba ta zuƙar kalsiyam haka, alhali tun 1989 Roberto Docampo da Anibal Vercesi sun nuna ta tiripanosoma tana zuƙa kamar tamu. Sai suka bi jerin furotin 1,098 na mitokondiriya, suna neman wanda mu da tiripanosoma muke da shi, yis kuma ba shi da shi. Suka gwada 13. A 2010 ɗaya ya fito, suka sa masa suna MICU1. A ganina, kaifin tunanin nan ya fi kowace na'ura da suka taɓa daraja.

MICU1 ne mai gadin: idan kalsiyam ya yi ƙasa sai ya tare hanya, idan ya ƙaru ya manne masa sai ya saki. A 2011 rukunin Mootha da na Rosario Rizzuto a Padova ta Italiya, kowa da kansa, suka gano ƙofar, wato MCU. A 2014 aka samu yaran da MICU1 ɗinsu ya lalace, suna fama da raunin tsoka da wahalar koyo.

Ita ma ƙwayar cutar asirinta ya tonu. A 2013 rukunin Docampo ya rage MCU a jikin Trypanosoma brucei, mai jawo ciwon barci da sammore, sai girmanta ya tsaya, ƙarfinta na kama ɓeraye ya ragu ƙwarai.