Daga Maigida da Yaro zuwa Kamfanin Manhaja

Moshi Zongo unguwa ce a birnin Tamale da ke arewacin Ghana. Sunanta ya samo asali ne daga Mossi, mutanen ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Dagbani shi ne babban harshen Tamale, amma a zango ana jin Hausa sosai, musamman a kasuwa da masallaci. Yaron da ya taso a nan ya san tsarin aiki guda ɗaya tun yana ƙarami, wato na maigida da yaro. Uba ko kawu yakan kai shi wurin tela ko bakanike ko kafinta, ya yi shekaru yana share shago, yana zuwa aike, kafin a bar shi ya taɓa keke ko sifana. Ba ya kiran sunan maigidansa, ba ya kuma gyara masa kuskure a gaban mutane.

To, idan wannan yaro ya yi karatun kwamfuta, a ce a Jami'ar Nazarin Ci Gaba da aka kafa a Tamale a 1992, ya sami aiki a kamfanin manhaja, sai ya tarar an juya masa kusan duk abin da ya sani. Shugaban kamfani da sunansa na yanka ake kiransa. Da safe akan yi taron tsaye na minti goma sha biyar, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Babu "ina kwana", balle "yaya gida, yaya iyali". Wannan salo ya bazu ne bayan 2001, lokacin da masana manhaja goma sha bakwai suka haɗu a jihar Utah ta Amurka suka fitar da ƙa'idojin aikin da ake kira Agile.

Abin da ya fi wuya shi ne duba aikin juna. Ba a shigar da abin da mutum ya rubuta cikin manhaja sai wani ya karanta shi, kuma ana sa ran sabon ma'aikaci ya nuna kuskuren wanda ya girme shi, a rubuce, inda kowa zai gani. Kunya, wadda a zango alama ce ta tarbiyya, a nan sai a ɗauke ta rashin sani ko rashin himma. Ɗalibin Hausa zai lura cewa harshen yana da hanyoyinsa na yin gyara ba tare da cin fuska ba, kamar "ko da a sake duba nan?" ko "wataƙila ni ne ban gane ba". Idan aka mayar da su Turanci kai tsaye, abokin aiki a Landan zai ɗauka mai maganar ba shi da tabbas, alhali ya ga kuskuren sarai.

Sana'ar ba sabuwa ba ce a Ghana. Herman Chinery-Hesse, wanda ya rasu a 2024, ya kafa kamfanin theSOFTtribe a Accra a 1991, ya kuma dage cewa manhajar Afirka dole ta jure ɗaukewar wuta da tsofaffin kwamfutoci. Sai dai yawancin kamfanonin suna Accra, kimanin kilomita 600 daga Tamale, saboda haka aiki daga gida ta intanet shi ne ƙofar da ta fi kusa.

A nan ne tsarin maigida yake da wani abu da kamfani ba shi da shi. Maigida yana da faɗa, amma da wuya ya kori yaro don ciniki ya ja baya. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 don horar da matasa su yi wa kamfanonin waje aiki, ya sallami ƙananan ma'aikata kusan 400 a Satumbar 2019, domin masu ba shi kwangila ƙwararru suke nema. A 2020 ya rufe ofisoshinsa, aiki ya koma daga gida.

Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ƙayyade awa 40 a mako da hutun kwana 15 na aiki a shekara, kuma mai ɗaukar ma'aikaci yana biya masa kashi 13 cikin ɗari na albashi a asusun fansho na SSNIT. Wanda kamfanin waje ya ɗauka a matsayin ɗan kwangila yawanci ba ya samun ko ɗaya daga ciki. Albashinsa na dala zai iya fin na malamin makaranta nesa ba kusa ba, amma shi zai sayi data, shi zai tanadi batir saboda wuta, kuma idan kamfanin yana New York, taron ƙarfe biyu na ranarsu yakan faɗo masa daidai lokacin magariba.