Sikelin Awon Kifi: Abin Da Ya Kamata Ka Duba Kafin Ka Ba Da Kuɗinka

Sule Tankarkar ba garin su ba ne. Kifin da ake ci a wannan yanki na Gumel, Maigatari da Gagarawa yawanci daga ɓangaren Haɗeja yake zuwa, inda kogi da fadamun Haɗeja zuwa Nguru suke ciyar da masunta, sai kuma tarwaɗar da matasa suke kiwo a tankin roba ko kududdufin siminti a bayan gida. Ko kai mai jefa fatsa ne idan damina ta cika tafki, ko mai kiwo, ko mai saro kifi ya kai kasuwa, a ƙarshe magana ɗaya za a yi: kilo nawa ne? Amsar kuwa tana hannun wata 'yar na'ura da mutane da yawa suke saya ba tare da sun gwada ta ba.

Mu yi ɗan lissafi. A ce sikelinka yana rage giram 50 a kowane kilo. A ido ba komai ba ne. Amma ranar da ka kwashe tarwaɗa kilo 200, ka yi kyautar kilo 10 ke nan ba da saninka ba. In kuma ƙari yake yi, haƙƙin mai saye ka ci, kuma ranar da ya sake aunawa a wani wuri sunanka ne zai ɓaci.

Na sifirin ko na batir?

Tsohon sikeli mai allura da sifirin yake aiki: nauyi ya ja sifirin, allura ta motsa. Ba ya cin batir, kuma yana jure wahala. Matsalarsa ita ce sifirin yana sakewa idan ya tsufa ko ya yi tsatsa, sannan layukan jikinsa sukan yi tazarar giram 100 ko 200, ta yadda kai da mai saye kowa zai karanta abin da ya fi masa daɗi.

Sikelin dijital na ratayawa, wanda yanzu ya cika shagunan kayan waya da kasuwannin intanet, daban yake. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe da aka manna wa siririyar waya. Idan nauyi ya ja ƙarfen sai ya ɗan lanƙwasa, lanƙwasar da ido ba ya gani, wayar ta miƙe, yadda lantarki ke ratsa ta ya canza. Wannan canjin ne ƙwaƙwalwar sikelin take mayarwa lambobi a fuskarsa. Daga nan za ka gane rauninsa: idan ka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ƙarfen zai iya lanƙwasawa ya ƙi komawa daidai. Sikelin zai ci gaba da kunnuwa, yana nuna lambobi masu kyan gani, amma ƙarya yake yi.

Lambobi biyu a jikin kwali

Za ka ga an rubuta wani abu kamar 50kg/10g. Na farko shi ne iyakar nauyin da zai ɗauka, na biyu kuma mafi ƙanƙantar tazarar da yake nunawa. Mai fatsa da ke kama ƙarfasa ko tarwaɗa mai kilo ɗaya zuwa biyar, wannan ya ishe shi har da rara. Mai auna kifi kwando-kwando kuwa gara ya nemi mai ɗaukar kilo 150 ko 300, ko ma na ajiyewa a ƙasa mai faranti. Kada dai ka sayi mai kilo 300 don auna kifi guda ɗaya, domin tazararsa takan kai giram 100. Kuma ka bar wa sikeli sarari: in kayanka yakan kai kilo 45, mai kilo 50 ya yi maka kaɗan.

A gasar kamun kifi ta Argungu ta shekarar 2020, kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne. Da irin ƙaramin sikelin aljihun nan aka rataya shi, da kifin da sikelin duk sai sun zube ƙasa.

Maɓallin da ke haddasa rigima

Yawancin waɗannan sikeli daga ƙasar Sin ake kawo su, kuma suna da maɓallin da aka rubuta UNIT. Kowace dannawa tana sauya ma'aunin: kg, lb, oz, wasu har da Jin. Lb shi ne fam na Turawan Ingila da Amurka, wanda bai kai rabin kilo ba, giram 454 ne. Jin kuwa ma'aunin Sinawa ne, giram 500 cif. Kifin kilo 4 zai nuna 8.00 a Jin, ya nuna kusan 8.82 a lb. Rubutun da ke nuna ma'aunin ɗan mitsitsi ne a gefen fuska, cikin rana ma da ƙyar ake ganinsa. Wani kuskure ne, wani kuwa da gangan yake yi. Kafin ka biya, ka sunkuya ka tabbatar kg ne.

Maɓallin TARE shi ke cire nauyin buhu ko bokiti: ka rataya shi babu komai, ka danna, lamba ta koma sifili, sannan ka zuba kifin. Sikelin da ba shi da wannan bai dace da kifi ba. HOLD kuma yana tsayar da lamba idan nauyi ya natsu. Yana da amfani ga kifi mai rai, amma wasu masu araha suna saurin kulle lambar tun tarwaɗa tana fizge-fizge. Ka jira ta lafa, ka auna sau biyu.

Gwada shi a gaban mai shago

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma wannan ya isa gwaji. Ka rataya leda da gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi wadda babu komai a ciki, ka danna TARE, sannan ka musanya ta da irinta cikakkiya da ba a buɗe ba. Ya kamata ka ga lamba kusa da 1.50. Ka sauke, ka sake ratayawa har sau uku. In yanzu 1.50, an jima 1.43, sannan 1.56, ajiye masa kayansa. Sikelin da ke kuskure iri ɗaya kullum ana iya saita shi, wanda yake canza magana kuwa ba shi da magani. In babba ne, ka gwada shi da abu mai nauyi kuma, kamar buhun siminti mai kilo 50, domin wani yana gaskiya a ƙaramin nauyi ya kauce a babba.

A duniyar masu gasar fatsa, ƙungiyar IGFA da ke Amurka ba ta karɓar bajintar kamun kifi sai an auna shi a kan ƙasa, ba cikin jirgin ruwa ba, da sikelin da aka tantance a cikin watanni 12. A Najeriya ma akwai sashen kula da ma'aunai a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, wanda aikinsa ne duba sikelin da ake ciniki da shi.

Game da manhajojin da ke cewa za su mayar da wayarka sikeli: fuskar waya taɓi take ganewa, ba a gina ta don awon kaya ba. Kada ka ɗora jiƙaƙƙen kifi a kan Tecno ɗinka.

Ruwa, zafi da ƙura

Ka nemi mai ƙugiyar bakin ƙarfen da ba ya tsatsa. Idan ka ga IP65 a jiki, yana jure ƙura da fesin ruwa. IP67 yana jure faɗawa ruwa na ɗan lokaci. In ba a rubuta komai ba, ka ɗauka ruwa zai kashe shi. Da yawansu an ƙera su ne don yanayin da bai wuce digiri 40 ba, alhali a watan Afrilu arewacin Jigawa yakan haura haka, don haka kada ka bar shi a rana ko cikin akwatin babur.

Batir kuma, mai cin AAA ya fi sauƙi, domin za ka samu a kowane kanti, daga Sule Tankarkar har kasuwar Alhamis ta Maigatari. Mai ƙaramin batir irin na agogo sai ka sha yawo. Batir idan ya yi sanyi lambobi sukan fara rawa, saboda haka ka riƙa ajiye sabo a aljihu. Lokacin awo ka riƙe shi ta marikinsa na sama, ba ta jikinsa ba, ka bar buhun ya sauko a miƙe ba ya taɓa ƙafarka, kuma ka tsiyaye ruwan tukuna. In ka gama, goge shi, ka cire batiran idan zai daɗe a ajiye.