Daga Kaduna Zuwa Jidda: Nisan Hanya da Tsawon Tafiya

Idan aka tambayi Bahaushe nisan wani gari, da wuya ya ambaci mil. Sai ya ce tafiyar yini ce, ko zango uku. Watau da lokaci muke auna nisa. Wannan ma'auni ya wadatar da fatake, amma jirgin sama ya rikita shi, kuma hanyar Makka ce ta fi bayyana haka.

Daga nan Kaduna zuwa Jidda, in an bi miƙaƙƙiyar hanya ta sama, kimanin kilomita 3,600 ne, watau mil 2,200 da ɗoriya. Nisan nan bai taɓa sakewa ba. Kakanninmu sukan bi ta Barno da Wadai da Darfur su kai Hartum, sa'an nan su ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin. Sukan yi shekaru a hanya, suna yada zango su yi noma ko ƙodago don neman guzuri. Da yawa ba su komo ba, kamar mutanen garin Mai Wurno na Sudan, waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Ko jiragen sama uku na sojan Ingila da suka fara sauka Kano, sun bar Masar ne ran 27 ga Oktoba 1925, ba su iso ba sai 1 ga Nuwamba.

Jirgin zamanin nan yana cin kimanin kilomita 850 a awa, saboda haka tafiyar ba ta wuce awa huɗu da rabi zuwa biyar, in ba a yi kewaye ba. To, amma a nan ne agogo kan yaudari matafiyi. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, Jidda kuwa tana gabas da mu da digiri 32, shi ya sa agogonsu ya riga namu da awa biyu. Alal misali, mutumin Doka da jirginsa ya tashi sha biyun dare, ya yi awa biyar a sama, agogon hannunsa zai nuna biyar na asuba, alhali kuwa a Jidda bakwai ta yi, rana ta fito. In da agogon ya dogara, sallar asuba ta kuɓuce masa. A dawowa kuma, wanda ya tashi sha biyun rana zai sauka ƙarfe uku, sai ya zaci tafiyar awa uku ce. Akawun da ke tsara ranakun tashi da sauka ya kamata ya riƙe wannan da kyau.

Miƙaƙƙiyar hanyar ma ba kullum take samuwa ba. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya sa aka rufe sararin samaniyar Sudan, ƙasar da mahajjatan ƙafa suke ratsawa a da. Dole jiragen alhazanmu na shekarar suka yi kewaye, awoyin tafiya suka ƙaru, kuɗin mai ma haka.