Yadda Bangaskiya Take Jure Wahala

Duk mazaunin Kurudu da ke aiki a cikin garin Abuja ya san hanyar: ka fito da asuba, ka wuce Jikwoyi da Karu, ka faɗa cunkoson Nyanya kafin ka hango Asokoro. A tashar motar Nyanyan nan ne bam ya tashi da safiyar Litinin, 14 ga Afrilu 2014, ya kashe mutum fiye da 70, Kirista da Musulmi, masu fita neman abinci. A daren ranar aka sace 'yan mata 276 a makarantar Chibok, mafi yawansu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN. Kafin ƙarshen Oktoba, hedikwatar ekklesiyar da ke Kwarhi kusa da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, shugabanninta suka koma Jos, dubban mabiyanta suka watsu, wasu har gefen Abuja.

Amma sujada ba ta tsaya ba. Me ya riƙe ta?

Mutane sukan ɗauka ƙarfin zuciyar mutum ɗaya ne. A ganina, abin da ya fi riƙe mai bi a ranar baƙin ciki shi ne abin da aka shuka masa tun yana cikin daɗi. Wadda ta gudu daga Gwoza da zane ɗaya ba ta samu ɗaukar Littafi Mai Tsarki ba, amma waƙoƙin da ta haddace tun tana yarinya suna bakinta. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi da Hausa, kuma Hausar nan ce ta haɗa Bura da Margi da Kilba da Gbagyi a benci ɗaya. Baƙuwa ta shiga majami'ar da ba ta san kowa ba, aka ɗauko waƙa, sai ta ji ta san baitin gaba. Daga nan baƙunta take fara raguwa.

Sai kuma zumuntar mata, wadda ba a cika ba ta haƙƙinta ba. Idan aka yi rasuwa, kafin limamin ekklesiya ya shirya wa'azi, matan nan sun iso da ankonsu. Wata ta hura wuta, wata ta ɗebo ruwa, wata ta zauna kusa da mai takaba, ba ta ce komai ba sai "Sannu, Mama, Allah ya ba da haƙuri." Bayan mako guda dangi sun watse, su kuwa suna dawowa. Suna tara kuɗin makarantar marayu daga abin da suka samu a kasuwa. Wanda zuciyarsa ta kasa yin addu'a, sai ya ga ana yi a madadinsa, har ranar da bakinsa zai buɗe. Yawancin masu cewa Allah bai yashe su ba, idan ka bi labarin, za ka tarar da kwanon tuwon da wata ta kawo.

Addinin kuma bai hana kuka ba. Littafin Ayuba da Zabura da Makoki cike suke da mutanen da ke kai ƙara gaban Allah, kuma a tsakiyar bangaskiyar akwai Almasihu da ya sha azaba a kan gicciye. Mai bin da aka koya masa cewa imani yana nufin arziki da lafiya kullum, shi ne wahala ta fi girgizawa, domin bai shirya mata ba. Wannan yana damuna ƙwarai game da wasu wa'azozin da ake yi a unguwanninmu.

Mafi wuya shi ne ƙin ramuwa. EYN, wadda ta fara a Garkida a 1923, ta gaji koyarwar zaman lafiya daga waɗanda suka kafa ta, kuma a tsakiyar masifar shugabanninta sun ci gaba da hana ɗaukar fansa. Sun shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya, inda mutum zai faɗi abin da idonsa ya gani. A Gurku, cikin Jihar Nasarawa kusa da Abuja, wani ma'aikacin ekklesiyar, Markus Gamache, ya jagoranci gina matsuguni ga 'yan gudun hijira, ya kuma nace cewa Kirista da Musulmi za su zauna a ciki tare, gida kusa da gida.