Shin Ko Kun San? Tafiretar da Ke Kwance a Sito

Shin ko kun san tafiretar Tanout ta Nijar da ta Kano ba jerin haruffa ɗaya suke da shi ba? Irin wadda ofisoshin Nijar suka gada daga Faransawa, layinta na sama da AZERTY yake farawa, ta Najeriya kuwa da QWERTY. Akawun da hannunsa ya saba da ɗaya, in ya zauna gaban ɗayar, sai ya riƙa buga Q inda yake nufin A.

Ko kun san maƙeran bindiga ne suka fara cin kasuwa da ita? Christopher Latham Sholes da abokansa sun yi wa ƙirarsu rajista a Amurka a 1868, kamfanin Remington mai ƙera bindiga ya fara sayar da ita a 1874. Manyan baƙaƙe kaɗai take bugawa. Sai a 1878 ƙanana suka shigo.

Hausa ce ta sha wahala a hannunta. Tafiretar Turawa ba ta san ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ ba. Mai buga takarda sai ya buga k ko d, in ya zare takardar ya bi da alƙalami yana lanƙwasa musu ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. In gajiya ta kama shi ya bar su haka, mai karatu ya gane da kansa ko "kafa" ake nufi ko "ƙafa". Wanda duk ya taɓa riƙe tsohuwar takardar Hausa da aka buga da ita, ya ga waɗannan ƙugiyoyi na hannu, wasu ma tawadarsu daban da ta rubutun. A ganina nan darajar waɗannan takardu take.

Ko kun san akwai masu tara ta kamar dukiya? Ɗan wasan fim Tom Hanks na cikinsu. A 2009 aka yi gwanjon wata Olivetti Lettera 32 ta marubuci Cormac McCarthy a kan dala 254,500. Sunan mai ita aka saya, ba ƙarfen ba, kada wani ya fara lissafi.

A 2011 ne kamfanin Godrej na Indiya yake sayar da ragowar tafiretocinsa bayan ya daina ƙerawa.

Tsohuwar tafireta ba ta neman lantarki, amma ƙurar hunturu abokiyar gabarta ce. Kada a tsiyaya mata mai; ƙura ta haɗu da mai sai sandunan haruffa su cije. Burushi mai laushi da ƙyallen rufewa sun isa.

In akwai ɗaya a siton makarantarku ko na ofishin magajin gari, don Allah kada a auna ta a sikelin ƴan gwangwan. A share ta, a ajiye ta inda yara za su gani.